Masaukin Da Iska Ke Kai Gulma

Yau kwana arba'in cif rabon 'Yar Awo da fuskar Mai Laka, alhali kullum ta Allah a gini ɗaya suke aiki.

Sunan nan ba don gajarta aka sa mata ba. Doguwar mace ce, shekararta talatin da ɗaya, ta yi karatun tsara ɗakuna har ta gode Allah. Tef ɗin awo ne ba ya barin jakarta. Ko dubiyar mara lafiya ta je, sai ka ga idonta yana auna tsakanin gado da taga, tana cije leɓe, wai an sa gadon inda bai kamata ba.

Shi kuwa mai zanen gine-gine ne, da takardunsa da komai. Babanta ne ya laƙa masa Mai Laka don wulaƙanci, sunan kuma ya bi shi, saboda da ƙasa yake gini. Ƙasar da aka haƙa a filin, ita za a matse a inji ta zama bulo, a tayar da bango da ita.

Su biyun suka haɗa kai suka gina masaukin baƙi mai ɗaki takwas a filin da ya gada. Shi ya tsara jikin gidan, ita ta tsara cikinsa. Ba iyakwandishan ko ɗaya. Wata doguwar hasumiya suka yi a tsakar gida, ta kamo iska daga sama, ta sauko da ita ta bututu, ta bi ta gefen tankin ruwan sama da ke ƙarƙashin ƙasa ta yi sanyi, sannan ta fito ta wani ɗan rami a gindin bangon kowane ɗaki.

Wajen wannan aikin ne so ya kama su. Kun san yadda abin yake, ana miƙa fensir, ana karɓar fensir.

Da maganar aure ta isa kunnen Baba, sai da ya cire hula ya ajiye.

"Uwata," in ji shi, don haka yake kiranta, sunan mahaifiyarsa ta ci, "ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma yau zan fara ba. Amma shekara arba'in ina sayar da siminti. A ce surukina mai kwaɓa laka ne? Da wane ido zan dubi 'yan layinmu?"

"Baba, ba kwaɓawa yake yi ba, da inji ake matse ta."

"Ko da jirgin sama ake matse ta, laka laka ce."

Ta yi kuka, ta yi roƙo, ta ƙi cin abinci kwana biyu, a na uku yunwa ta ci ƙarfinta. Abin da kawai ta samu shi ne sharaɗi. Ta ƙarasa aikin tunda ta riga ta sa hannu, amma kwana arba'in kada ta ga fuskarsa, kada ya ga tata, ba waya, ba aike. Shi ya yi aiki da safe ya fita kafin azahar, ita ta shigo bayan azahar. Ran na arba'in Baba zai zo bayan la'asar ya ɗauke ta, ta ba Mai Gilashi amsa.

Mai Gilashi shi ne wanda Baba ke so. Dogayen otal-otal na gilashi yake ginawa, tirela-tirela yake sayen siminti a shagon Baba. Ba mugu ba ne, a gaskiya. Kullum dai da mura yake saboda sanyin ofishinsa, kuma turare yake zubawa kamar mai wanka da shi. Sau biyu yana aiko mata da iyakwandishan kyauta, wai don ta san yana tunaninta.

Aka kuma ba ta mai gadi: Goggo, ƙanwar Baba, wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta. Kullum Goggo za ta rako ta, ta bi bango tana duba rubutun fensir da Mai Laka ya bari, ko akwai kalmar so a ciki. Ba ta taɓa samu ba, lambobi ne zalla. Abin da Goggo ba ta gane ba, duk ƙusar madubi da ya kafa a gidan nan, daidai tsawon 'Yar Awo ya kafa ta. Gajeren baƙo sai ya yi ɗage.

To, yau ce ranar.

Leburori sun kwashe kayansu sun tafi. Ba ƙarar guduma, ba ta zarto. Gidan ya yi tsit, irin shirun da bai taɓa yi ba tun da aka sa harsashinsa. Goggo ta ce zafi ya ishe ta, ta koma rumfar ƙofa ta miƙe a kan dogon bencin da aka gina don baƙi masu jiran makulli.

'Yar Awo ta shiga ɗaki na takwas, na can ƙarshe. Ta rataye labule, ta gyara shimfiɗa, ta matsar da kujera taku ɗaya ta dawo da ita. Babu sauran abin yi, ita ma ta sani. Ta dubi ɗakin nan da ta auna kowace kusurwarsa da hannunta, taga tana kallon bishiya, haske yana faɗowa daidai kan teburin karatu, sai ta ji kamar akwati ne aka rufe ta a ciki. In ta fita ta ƙofar nan yau, ta fita ke nan.

Ta durƙusa za ta ɗora murfin saƙa a bakin ramin iska. Sanyi ya bugi fuskarta. Hawaye ya zubo ba ta shirya ba.

"Wayyo ni, Allah," ta ce.

"Waye nan?" in ji bango.

Ta yi baya ta faɗi zaune, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa.

"'Yar Awo? Ke ce?"

Muryar nan ko a cikin barci ta san ta. Ta rarrafo ta kara kunne a ramin.

"Kai! Kana ina? Me kake yi a gidan nan war haka?"

"Ina saman hasumiya. Tantabaru suka yi sheƙa a jikin raga, na hau in cire. Leburori suka zaci na tafi, suka ɗauke tsani suka kai bayan gida, suka wuce abinsu. Tun hantsi nake nan, rana ta gama gasa ni."

"Ka yi ihu mana!"

"In yi ihu ki fito ki gan ni? Alkawarin fa?"

Ta rufe baki da hannu. Dariya ke son fitowa, kuka ya tare mata hanya.

Can sai mai aikin da ke cikinta ta farka. Ta dubi ramin, ta dubi bango.

"Tsaya. Yaya aka yi nake jin ka kamar kana gefena?"

Ya ce, "Innalillahi. Bututun ne. Magana yake ɗauka."

"Ai kai ka ce a miƙe shi sak, ba lanƙwasa, don iska ta yi gudu!"

"Ke kuma wa ya ce a goge cikinsa ya yi santsi don kada ƙura ta zauna?"

"Da ka gaya min santsi na kai murya, da na ce a goge?"

"Ni ma yanzu na sani. Da yaushe za mu gane? Da ana buge-buge, yanzu kuma kwana arba'in ba mu taɓa zama a gidan lokaci ɗaya ba."

"Shi ke nan mun gina wa baƙi gidan tonon asiri. Mai ɗaki na ɗaya ya yi atishawa, na takwas ya yi masa addu'a."

Suka yi dariya tare. Dariyar ba ta yi nisa ba ta mutu.

"Bai kamata in yi magana da kai ba," ta ce a hankali.

"Fuska aka ce, da waya, da aike. Ban ji an ambaci bututu ba."

"Kada ka koya min yi wa Babana wayo."

"To tashi ki tafi."

Ba ta tashi ba. Ta gyara zama, ta jingina kanta da bangon.

"Kin rame?" ya tambaya.

"Ina ruwanka."

"Ni na rame. Wandona har igiya nake ɗaura masa. 'Yar Awo, saura 'yan awoyi. Ki saurare ni da kyau. Ke ba yarinya ba ce. Kawunki ya ce in kin yarda shi zai tsaya mana. Baba zai yi fushi wata ɗaya, wata biyu, ya huce."

"Ba zai huce ba."

"To sai ki auri Mai Gilashi?"

"Allah ya kiyaye! Mutumin da in ya shiga ɗaki sai an buɗe taga kwana biyu kafin turarensa ya fita? Ranar da ya kai ni ganin otal ɗinsa, ɗaki ɗari, kowanne kamar cikin firij, ba tagar da ke buɗuwa ko ɗaya. Ya ce duk ni zan tsara su in mun yi aure. Ina murmushi, numfashina yana ɗaukewa."

"Yi a hankali kada Goggo ta ji."

"Goggo? Tana can rumfa tana munshari kamar tsohon janareto. Ko bango ya faɗi ba za ta farka ba."

Da ta ambaci faɗuwar bango sai ta sunkuyar da kai. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Kina nan?"

"Ina nan. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba." Ta share hanci. "Kana ganin don 'yan layin siminti Baba ya ƙi ka? Wannan abin faɗa ne kawai. Goggo ce ta ba ni labari tun ina 'yar makaranta, ta sa na rantse ba zan tayar masa da shi ba. Lokacin Baba yana da shekara tara. Ana ruwa da rana tsaka, shi da mahaifiyarsa suna cikin ɗakin ƙasa. Kaka ta ji bango yana motsi, ta tunkuɗa Baba waje ta ƙofa. Ita ba ta fito ba."

Bututun bai kawo komai ba sai sanyi.

"Da hannunsa ya yi ta tonon laka har farcensa ya cire. Tun ranar bai sake shiga ƙarƙashin ginin ƙasa ba, shekara hamsin da ɗoriya. Har gobe in hadari ya haɗo, Baba ba ya iya zama. Gidanmu na siminti ne, da rodi kamar kurkuku, amma sai ya yi ta zagaye yana dafa bango ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa runtsawa ana ruwa ba. Ina ƙarama nakan bi shi a baya, na zaci wasa ne." Ta goge ido. "Uwata yake ce min. Ka gane? Uwarsa ɗaya ƙasa ta danne. Kai kuma ka zo kana cewa ya ba ka ta biyun ka sa ta a ɗakin ƙasa."

"Me ya hana ki gaya min tuntuni?"

"Sirrinsa ne. Ko shi bai san na sani ba."

Ta ji yana jan numfashi, irin na namijin da ba ya son a san kuka yake yi.

"Da na sani, da ban tsaya ina yi masa lacca a kan zafin siminti ba ranar da na je gaishe shi. Kai, na yi wauta." Ya ci gaba. "Ni ma akwai abin da na ɓoye miki. Harsashin gidan nan dutse ne, zurfinsa har ƙirjina, kin gani da idonki. Amma ba ki san simintin da ya riƙe dutsen na wane ne ba. Na Baba ne. Na je da kaina ya ce ba zai sayar min ba, sai na aiki wani direban tifa ya sayo kamar nasa. Na ce ko bai taɓa sani ba, in ya zo gidan nan wata rana, a kan abin da ya yarda da shi zai tsaya."

"Kai dai ba ka da dama," ta ce cikin kuka.

"Kuma ɗan bangon nan da ke bayan fili, wanda kike cewa in rushe yana ɓata miki tsari, damina uku ke nan yana tsaye ba rufi. Da rani ma bokiti nake watsa masa. Jira nake ya zaizaye, ya ƙi. Ba zan sa ki a ɗakin da ban gwada ba, 'Yar Awo."

Ta kifa goshi a bango ta yi kuka sosai, mai sauti, tunda a saninta ba mai ji sai shi.

"To ji nawa," ta ce da ta samu numfashi. "Mai Gilashi ba zan aure shi ba, yau zan gaya masa. Kai ma ba zan aure ka a bayan idon Baba ba, ko Kawu ya kawo alƙali goma. Ba zan sa tsohon nan ya riƙa tsayuwa a taga duk damina yana tunanin ko bango ya danne ni ba. Zan koma ɗakina in zauna. In tsufa a can, ina auna labulen mutane."

"Ni kuma in yi yaya da gidan nan? Kowace ƙusa tsawonki ce."

"Ka sauke su."

"Ba zan iya ba."

"Ni ma ba zan iya ba! Kana ganin daɗi nake ji? Duk inda na juya bango ne. Na yi nan Baba, na yi nan kai. Ni da nake fitar wa mutane ƙofa a inda babu, na rasa wadda zan bi."

Sai ga tari ya fito daga ramin.

Ba na Mai Laka ba ne. Tari ne mai kauri, sau biyu a jere sannan gyaran murya, irin na wanda ya shekara arba'in yana shaƙar ƙurar siminti. Tun tana cikin zanen goyo ta san tarin nan.

A lokacin ta tuna. Ita da kanta ta ce a fitar da rami ɗaya a ƙarƙashin bencin rumfa, babba ma kuwa, don baƙo ya fara jin sanyi tun kafin a ba shi makulli.

Wata murya ta biyo bayan tarin, siririya, cike da jin daɗi.

"Tsohon janareto ne ke magana. In kin gama, ki fito, Babanki ya iso tun ɗazu. Har da mai turare."

Yadda ta kai rumfar nan, ita ma ba ta sani ba.

Baba yana zaune a tsakiyar benci, hularsa a gwiwa, ƙafafunsa daidai bakin ramin. Bai shiga gidan ba, rumfar katako ce da kwano, nan ya tsaya. Mai Gilashi yana gefe da hankici a hannu, yana sunsunar hannun rigarsa a ɓoye. Goggo kuwa ta harɗe, ido tar, kamar wadda aka kunna wa rediyo.

"Tun daga ina kuka ji?" 'Yar Awo ta tambaya, kanta a ƙasa.

"Tun daga tantabaru," in ji Goggo. "Ni da na so in yi gyaran murya, Yaya ya ɗaga min hannu. Kai, amma gidan nan ya yi! A ajiye min ɗaki na tsakiya, inda ake jin kowa."

Ba wanda ya yi dariya. 'Yar Awo ta zube gaban Baba.

"Baba, ka yafe min. Ban yi niyyar karya alkawari ba. Maganar Kaka kuma..."

"Tashi, Uwata." Bai dube ta ba. Goggo ya duba. "Ke kuma bakinki ba ya riƙe ko ruwa."

"Shekara ashirin da faɗa mata, Yaya. Ai ta riƙe fiye da ni."

Mai Gilashi ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa.

"Baba, ni zan wuce. Na samu amsata, ba sai an maimaita ba. Kada in daɗe a sha wahalar buɗe taga." Ya juyo wajen 'Yar Awo, ya ɗan yi murmushi. "Da kin gaya min turaren ne, ai da na rage." Ya kai hannu bakin ramin, ya ji sanyin. "Wannan ba wuta ko kaɗan?"

"Babu," ta ce a kunyace.

Ya girgiza kai, ya yi atishawa.

"Kafin ka tafi," in ji Baba, "zo mu ɗauko tsani. Yaron mutane yana can sama yana soyuwa."

Haka aka yi kuwa. Mai Gilashi da babbar riga da turare, shi ya riƙe wa Mai Laka tsani har ya sauko, sannan ya shiga motarsa ya tafi. Goggo ta ce ko don wannan kaɗai zuwanta yau ya biya.

Da 'Yar Awo ta ji takun Mai Laka yana nufo rumfa, sai ta juya ta fuskanci bango. Kwana arba'in bai cika ba sai rana ta faɗi. Tana jin sa ya durƙusa ya gaida Baba, muryarsa a bushe.

"Direban tifan nan," in ji Baba, "wani mai haƙorin gwal?"

"Shi ne, Baba."

"Na ce wannan bai yi kama da mai gini ba. Buhu ɗaya, yashi baro nawa ka sa?"

"Uku, Baba."

"Uku." Baba ya gyaɗa kai. "Wasu biyar suke sawa, su zo su ce simintina ne ba kyau. Ruwan da ke sauka daga kwano, ina yake zuwa?"

"Rufin ya zarce bango da kamu uku. Abin da ya sauka indararo ke kai shi tanki. Ba ɗigon da ke taɓa gindin bango."

"Haka kowa ke cewa."

Ana cikin haka hasken rumfar ya canja. Iska ta kaɗa labulen ƙofa, ganye ya fara gudu a tsakar gida. Daga gabas aka yi wata doguwar tsawa.

'Yar Awo ba ta ganin Baba, amma ta san abin da yake yi. Ta ji bencin ya yi ƙara ya miƙe, ta ji takunsa ya je ƙarshen rumfa ya dawo, ya sake zuwa ya dawo.

"Yaya, mu tafi gida kafin ya sauko," in ji Goggo, wasa ya bar muryarta.

Takun Baba ya tsaya a bayan 'Yar Awo.

"Uwata. Wane ɗaki kike ciki ɗazu?"

"Na takwas, Baba."

"Shi ne mafi nisa da ƙofa?"

"Shi ne."

"Ba ni makullin."

Ta juyo rabi, ta tuna, ta koma. Ta miƙa makullin ta baya. Ya karɓa.

"Baba, ba sai ka..."

"Yi min shiru. Ni ba na ba da 'yata a kan maganar bututu. Zan shiga in zauna. In kuka ga na fito ana ruwan nan, magana ta ƙare, kada wanda ya sake tayar min da ita, kai kuma ka nemi wata. In ruwa ya ɗauke ina ciki, na fito don kaina, to sai ki juyo ki dube shi. Kafin nan fuskarki na bango."

Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci. Ya daɗe a tsaye a nan. Sannan ya yi bismilla ya sa ƙafa.

Suka ji takunsa yana nisa a cikin baranda, suka ji ƙofa ta rufe, makulli ya juya. Ko minti biyu ba a yi ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

'Yar Awo ta durƙusa ta cusa kai ƙarƙashin benci, kunnenta a ramin. Goggo ta ture ta kaɗan ta samu wuri. Mai Laka yana tsaye a bayansu, ba a ba shi wuri ba, bai kuma nema ba.

"Me yake yi?" ya tambaya.

"Zagaye yake," ta ce, ba ta juyo ba. "Yana dafa bango. Ga shi nan, ɗaya... biyu... ya koma na farko."

Tsawa ta fashe a saman gidan har kwanon rumfa ya amsa. Takun ya yi sauri zuwa ƙofa. Suka ji makulli ya motsa.

'Yar Awo ta damƙe hannun Goggo har tsohuwar ta yi ƙara.

Makullin bai ƙarasa juyawa ba. Aka daɗe. Sannan suka ji muryar Baba ƙasa-ƙasa, ba addu'a yake yi ba, magana yake yi da wata, irin maganar yaro ɗan shekara tara. Goggo ta janye kunnenta da kanta, ta goge ido da bakin zane. Wannan kam ko ita ba ta so ta ji ba.

Ruwa ya ci gaba da zuba. Indararo yana ta ambaliya cikin tanki. Can gado ya yi 'yar ƙara, alamar an zauna. Bayan nan shiru.

Shirun ya yi tsawo. Ya yi tsawo har tsoro ya kama 'Yar Awo.

"Goggo, ba na jin komai. Ko wani abu ya same shi? A fasa ƙofar!"

"Ina da wani makullin," in ji Mai Laka, har ya ɗaga ƙafa.

"Ku tsaya," in ji Goggo. Ta mayar da kunne, ta ƙanƙance ido. Sai bakinta ya fara buɗewa.

Daga cikin ramin, tare da sanyin iska, wani sauti ya taho. Ya ja a hankali, ya yi sama, ya sauko da gurnani, ya sake ja.

Munshari ne. Ana ruwa kamar sama za ta faɗo, Baba yana barci a ɗakin ƙasa.

'Yar Awo ta fashe da kuka, tana dariya a ciki. Ta yunƙura za ta juyo, Goggo ta kama kanta da hannu biyu ta mayar da shi bango.

"A'a, 'yar nan. Cewa ya yi sai ya fito." Ta gyara zama a kan benci, ta miƙe ƙafa a bakin ramin. "Kuma barcin shekara hamsin ne mutumin nan yake ramawa. Kai Mai Laka, kawo mata kujera."